Tabilet ko na'urar karatu: a daina cewa kowa "sayi wadda take yin komai"

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe da tsaya min a rai, wato irin shawarar da ake ba mutum idan ya ce yana son sayen na'urar da zai riƙa karatu da ita. Kwanakin baya ƙanwata ta ce tana so ta koma karatun littattafai kamar yadda take yi a da, ta tambayi mutane ko ta sayi tabilet ko ta sayi na'urar karatun nan irin su Kindle da Kobo, wallahi kusan duk wanda ta tambaya amsa ɗaya ya ba ta, wai ta sayi tabilet tunda tana yin komai, ita kuwa waccan karatu kawai take yi. Ni dai a ganina wannan shawara ana bayar da ita ne ba tare da an tsaya an tambayi mutum me yake so ya yi ba, kuma tana sa mutane suna kashe kuɗinsu a banza.

Ni na yi amfani da su duka biyun shekara da shekaru, shi ya sa nake magana. Tabilet na fara saya, da niyyar karatu na saye ta, na cika ta da littattafai. To amma abin da yake faruwa shi ne zan buɗe littafi in karanta shafi biyu uku sai saƙo ya faɗo daga sama, in ce bari in duba in dawo, daga nan sai bidiyo, daga bidiyo sai labarai, kafin in ankara awa ɗaya ta wuce littafin yana nan a inda na bar shi. Kuma ba wai ba na son karatun ba ne. Manhajojin da suke cikin tabilet an ƙera su ne domin su ja hankalinka su riƙe shi, akwai mutanen da aikinsu kenan dare da rana, shi kuwa littafi ba ya ƙara ba ya motsi ba ya kiran kowa. In ka ajiye su a waje ɗaya ai ka san wanda zai yi nasara. Taura biyu ba ta taunuwa.

Mutane da yawa suna zaton na'urar karatu tabilet ce mara ƙarfi, kamar wata ƙanwar tabilet da aka rage wa kaya. Ba haka ba ne, sikirin ɗinsu ma ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Na tabilet fitila ce a bayan gilashi tana hasko idonka, kuma hoton da kake gani ana sabunta shi kamar sau 60 a kowace daƙiƙa ko da kuwa shafin bai motsa ba, wasu ma sun fi haka. Na na'urar karatu kuwa shi ake kira E Ink, fasahar da ta fito daga jami'ar MIT ta Amurka har aka kafa mata kamfani a 1997. A ƙarƙashin fuskar akwai ƙananan ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, kowace faɗinta bai wuce kaurin silin gashi ba, a cikin kowace akwai ruwa da ɗigo-ɗigon fari da baƙi masu ɗauke da cajin lantarki. Idan ka juya shafi sai lantarki ya turo baƙaƙen sama a inda harafi zai fito, farare kuma su cike sauran wajen, daga nan shikenan su tsaya cak. Ba sa buƙatar wuta domin su zauna a inda suke. Wannan shi ne dalilin da ya sa batirin yake kai makonni, alhali tabilet ko ta Apple ce abin da kamfanin da kansa yake faɗi shi ne wajen awa 10. Shi ne kuma dalilin da ya sa in ka fita cikin rana rubutun na'urar karatu ƙara fitowa yake kamar takarda, ita kuwa tabilet sai ta koma madubi kana kallon fuskarka.

Sai maganar ido da barci, wadda ita ce ta fi damuna gaskiya. Na'urorin karatu na yanzu suna da haske, Kindle ta fara sa shi tun 2012 a samfurin Paperwhite, amma fitilun a gefe suke suna haska fuskar shafin kamar ka kunna wa littafi ƙaramar fitila, kuma za ka iya rage shi sosai ko ka kashe shi da rana. Akwai wani bincike da aka yi a asibitin Brigham and Women's da ke Boston aka wallafa a ƙarshen 2014, an sa mutum 12 suna karatu kafin barci, wasu ranakun a iPad, wato tabilet ɗin Apple, wasu ranakun a littafin takarda, sai aka ga ranakun iPad barci yana yi musu jinkirin zuwa da kamar minti 10, sinadarin melatonin da ke sa barci yana raguwa a jikinsu, da safe kuma suna tashi a gajiye. Eh mutum 12 ba su da yawa, kuma an sa su karatu na awanni da hasken a sama, to amma duk wanda ya taɓa kwanciya da tabilet a hannu ya san abin da ake nufi ba sai an kawo masa bincike ba. Ga nauyi kuma. Ƙaramar na'urar karatu tana tsakanin giram 160 zuwa 220, iPad ta yau da kullum tana kusa da rabin kilo, kuma wannan bambancin ba ka jin sa a minti biyar na farko, sai ka yi awa ɗaya a kwance kana riƙe da ita sannan wuyan hannunka zai gaya maka.

Amma fa kada a ce na zo tallar na'urar karatu ne, domin akwai inda take ba ni haushi sosai, kuma masu yabonta ba sa son faɗa. Babba a ciki shi ne PDF. Yawancin na'urorin nan fuskarsu inci 6 ce ko 7, shi kuwa PDF hoton shafi ne a daskare, sau da yawa girman takardar A4, ba ya sake tsara kansa ya dace da ƙaramin sikirin kamar yadda fayil ɗin EPUB, wato tsarin da aka yi musamman domin littattafan na'ura, yake yi. Sai ka ga rubutun ya zama ƙanana kamar tururuwa, in ka ce za ka ƙara girma ka ja hagu ka ja dama sai na'urar ta riƙa ƙiftawa tana jan jiki, domin E Ink ba ta da sauri, ba a yi ta domin haka ba. Ɗalibin da duk karatunsa takardun lacca ne da aka yi sikanin ɗinsu da littattafan kimiyya masu zane da jadawali da hotuna masu launi, wallahi in ka sa shi ya sayi ƙaramar Kindle ka cuce shi. Wannan tabilet ce ta dace da shi, mai inci 10 ko sama, in da hali da alƙalaminta domin ya riƙa ja wa muhimman wurare layi yana rubutu a gefe. Haka ma wanda yake son mujallu, ko darasin bidiyo, ko kiran bidiyo da 'yan uwa, ko zane. Duk wannan babu ma abin tattaunawa.

Na san wani zai ce ai yanzu an yi na'urorin karatu masu launi kuma an yi manya. Haka ne, Amazon ta fitar da Kindle Scribe mai inci 10.2 da alƙalami a 2022, a 2024 kuma Kobo da Kindle duk suka fitar da masu launi, akwai kuma irin su Boox da suke ɗauke da Android a kan fuskar E Ink. Sai dai launin nasu a dushe yake kamar na tsohuwar jarida, kusan kala 4,096 ne kawai, kuma kaifin hoton yana raguwa zuwa rabi idan da launi ne, daga ɗigo 300 a kowane inci zuwa 150. Ya isa ka ga bangon littafi da alamar da ka yi, bai isa ya maye gurbin tabilet ba. Manyan kuma da zarar sun girma sun rasa rabin abin da ya sa ake son su, ba sa shiga aljihu, tsadarsu ma ta kamo ta tabilet.

Akwai wani abu kuma da masu sayarwa ba za su gaya maka ba, littafin da ka "saya" a cikin shagon waɗannan kamfanonin sau da yawa ba mallakarsa ka yi ba, izinin karantawa aka ba ka, kuma an kulle shi da makullin da ake kira DRM yadda ba zai buɗu a na'urar wani kamfanin ba. A 2009 Amazon ta shiga na'urorin mutane saboda matsalar haƙƙin mallaka ta goge wasu littattafan marubuci George Orwell da suka riga suka saya, ta mayar musu da kuɗinsu, daga baya shugaban kamfanin Jeff Bezos ya fito ya ba da haƙuri. A Fabrairun 2025 kuma suka cire damar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfuta domin turawa ta kebul. Wannan abin yana min ciwo, domin littafin takarda in ka saya naka ne, ka ba aboki aro, ka bar wa 'ya'yanka. Saboda haka duk wanda zai sayi na'urar karatu ya fara duba daga ina littattafansa za su fito. In yana da tarin EPUB nasa, Kobo tana buɗe su kai tsaye, Kindle kuwa sai ka tura ta hanyar Send to Kindle, wato tsarin Amazon na tura fayil zuwa na'urar, ta juya su tukuna. A nan tabilet ta fi sakin mara, domin za ka iya sa manhajar Kindle da ta Kobo da wasu duk a cikinta.

To ga inda nake ganin masu cewa "tana yin komai" suke kuskure. Wanda yake wannan tambayar kusan ko da yaushe yana da waya a aljihunsa, kuma wayar nan tana yin kusan duk abin da tabilet take yi, saƙo, bidiyo, intanet, hoto, komai. Idan ya sayi tabilet bai samu sabon abu ba sai ƙarin faɗin sikirin, wato ya sayi babbar waya ta biyu. Idan faɗin sikirin ne matsalarsa, to madalla, ya saya. Amma idan matsalarsa ita ce yana so ya zauna da littafi ya kai ƙarshensa ya kasa, ƙarin faɗi ba zai yi masa magani ba, sai ma ya ƙara masa abin kallo. Rashin iya yin komai ɗin nan da ake yi wa na'urar karatu gori a kai, shi ne ainihin abin da mutum yake biyan kuɗi ya saya. Ni ranar da na fara amfani da ita hannuna yana ta neman inda zai latsa ya fita daga littafin, babu, sai na haƙura na ci gaba da karatu, bayan mako biyu na ga na gama littafin da ya yi wata da watanni a tabilet ban wuce babi na uku ba.

Abin da na ce wa ƙanwata shi ne kada ta duba abin da take fatan za ta riƙa yi, ta duba abin da ta yi a satin da ya wuce. Ta buɗe wayarta ta ga fayilolin da ta tara, PDF ne masu zane ko labarai ne da rubutu zalla, da rana take karatu ko a gado, a zaune a tebur ko a mota. Na kuma ce ta gwada sa manhajar karatu a wayarta na sati biyu kafin ta sayi komai, in ta ga tana karatun lafiya lau to wataƙila ma ba ta buƙatar ko ɗaya. Ta gwada, ta dawo ta ce min idonta yana yaji kuma saƙonni ba sa barin ta. Da muka duba fayilolin nata kusan duka labarai ne da littattafan tarihi, rubutu zalla. Ta sayi ƙaramar na'urar karatu mai inci 6. Mijinta kuwa da yake karatun injiniya na ce masa kada ya kuskura ya bi sahunta, tabilet ya saya, kuma ya yi daidai.

Roƙona ga masu rubutu a shafinku na fasaha, ranka ya daɗe, idan mai karatu ya aiko da irin wannan tambayar a fara tambayarsa wane irin fayil yake karantawa kuma a ina, kafin a lissafo masa girman ma'adana da saurin na'ura. A kuma riƙa gaya wa iyaye masu saya wa yara tabilet "domin karatu" cewa in ba su zauna sun kulle manhajojin wasa da bidiyo sun sa iyakar lokaci ba, yaron ba littafi zai buɗe ba.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum