Wasiƙar Iyaye: Aikin Auna Lafiyar Ruwa na 'Yan SS2

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon ɗalibai.

A wannan zangon 'yan SS2 suna koyon yadda ake gane lafiyar ruwa a inda kogi ke shiga teku, wurin da ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. Zariya ba ta da teku, amma Galma na zuba a kogin Kaduna, Kaduna ya zuba a Neja, har Neja Dalta. Takin zamanin da ruwan sama ke wankewa daga fadamunmu, can wani ɓangarensa ke dosa.

Babban abin da za su auna idan mun je bakin Galma shi ne iskar oksijin da ke narke cikin ruwa. Kifi na son miligiram 5 zuwa sama a kowace lita. In ya faɗo ƙasa da 2, sai su fara tasowa saman ruwa suna haki. Taki ne yakan jawo haka: gansakuka ta yi yawa, da rana ta ba da oksijin, da dare ita da ƙwayoyin da ke ruɓar da matattarta su shanye shi. Shi ya sa ake awo da sassafe. Wanda ya auna da azahar zai ga lamba mai kyau, alhali ruwan na wahala.

Kwalbar da za a ɗebi ruwan awo da ita ma a kula da ita. A ɗauraye ta sau uku da ruwan wurin, a cika ta a ƙarƙashin ruwa, a rufe ta a can ciki. Kumfa ɗaya ya isa ya ɓata awon.

Gishiri kuwa a ɗakin gwaji za mu yi shi. Ruwan teku na ɗauke da kusan giram 35 a lita, yara za su haɗa nasu, su riƙa tsarma shi da ruwan daɗi, kamar yadda yake canzawa a bakin teku sau biyu a rana idan teku ta hau ta sauka.

Ranar zuwa bakin Galma, babu ɗalibin da zai sa ƙafa ko hannu tsirara cikin ruwa, saboda tsargiya. Muna roƙon a ba kowa takalmin roba mai tsawo, safar hannu daga makaranta za ta fito. A taimaka a sa hannu a takardar izini, a dawo da ita ga malamin aji kafin Juma'a.

Sashen Kimiyya