Wasiƙa daga Xi'an zuwa Funtuwa

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da amarya da su Hajiya. Na ji saƙon da ka bayar ta hannun ƙanena, wai tunda na shigo ƙasar Sin na koyi cin taliya da tsinke sai na manta da masu tuwon dawa. Kai ma ka san ba haka ba ne. Turɓaya ce ta riƙe ni, wadda kuke yi mini dariya a majalisa wai mutum ya hau jirgi ya tsallaka duniya don ya karanta ƙura.

To ƙurar nan ba ta wasa ba ce. Iska ce ta yi ta kwaso ta daga hamada tana jibgewa shekaru aru-aru, har ta rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 640,000, a wajen birnin Lanzhou kuwa kaurinta ya kai mita 300. Ita ce ta rina Rawayen Kogi. Idan ta bushe sai ka yanka ta a tsaye kamar bango ba ta zube ba, shi ya sa har yau akwai masu fafe ɗakuna a jikinta suna zama. Amma cikinta duk ƙananan ramuka ne, ɗan yumɓu da gishiri ke riƙe da ƙwayoyin. Ruwa na shiga, ga nauyin gini a kai, sai ta lotsa lokaci guda, kamar ƙwayar sukari a kofin shayi. A ɗakin gwaji muna danna ta da nauyi, mu zuba ruwa, mu auna. In ta sauka da kashi 1.5 cikin 100 na tsayinta, ƙa'idar gini ta nan ta ce wannan ƙasa mai lotsawa ce, sai an gyara ta.

Aikina shi ne gauraya ta da siminti kaɗan, kamar kashi 4 zuwa 6 cikin 100, a daɓe, a jira kwana 7 ko 28, a murƙushe a ga ƙarfinta. Simintin yana aiki, ba na musu. Abin da ya hana ni barci shi ne sanyi. Idan aka daskarar da samfurin aka narkar, aka sake, sai ya fara tsattsagewa, wanda aka cika wa siminti kuma in zai karye ba ya ba da sanarwa. Yanzu ina haɗawa da tokar kwal ta tashar lantarki da ƙonanniyar farar ƙasa. Tokar tana jinkirin kamawa, malamina kuma ba ya son jinkiri. Dattijon nan in ya dubi takardata ya yi shiru, wallahi gara ya zage ni.

Abin da ya ba ni sha'awa, tun kafin siminti Sinawa suna da nasu haɗin: farar ƙasa mudu 3, turɓaya mudu 7, a daɓe ƙarƙashin harsashi, kuma har gobe suna yi. Nan take na tuna daɓen Gwaggo, ranar da ta tara matan unguwa da madaɓai suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba, kai kuma ka taka da ƙafa ka sha rankwashi. Da katsin marina da maginan Kano ke haɗa laso da shi. Da zan samu mai ɗaukar nauyi, tokar ɓuntun shinkafa zan gwada in na dawo, tunda ga ta nan tuli a bayan injina ana rasa yadda za a yi da ita.

Af, gaskiya ne Alhaji na bakin tasha ya ƙara aure? A wayar wa na gani ma, ya sha babbar riga har da rawani. In haka ne to bashin da ya ce zai biya bayan kaka ya tafi lefe.

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa birnin Zhengzhou. An buɗe layin a 2010, an gina shi don gudun kilomita 350 a awa, kuma mafi yawansa a kan wannan turɓayar yake. Mai gudu haka ba ya yafe lotsawar ɗan yatsa. Sai da suka yi ta sako ƙarfe mai nauyin tan-tan daga sama yana daɓe ta, suka huda ramuka suka cusa ƙasa da siminti suka kirɓa. Daɓen da raba ta da ruwa su ne rabin maganin, siminti cikawa yake yi.

Wannan ya kawo ni kan filinka. Ƙasar wajen Funtuwa da Zariya akwai irin wannan ƙurar a samanta, hazon hunturu ne ya sauke ta, kuma har yanzu yana kwasowa daga Bodele ta Chadi. Tamu ba ta da kauri irin ta nan, don haka kada ka tsorata. Ka dai sa a haƙa harsashi har a tarar da ƙasa mai tauri, cikon ɗakuna a zuba shi kaɗan-kaɗan ana jiƙawa ana daɓewa, kada birkila ya juye tifa guda ya ce damina za ta zaunar. Sokawe da tankin ruwa ka nisanta su da bango, indararo kuma ya zuba a kwata. Na san halinka, kuɗin kwatar za ka kai wa mai tayil don amarya ta yaba.

Azumin bana a babban masallacin unguwar Musulmi na sha ruwa sau da yawa, miyar rago da gutsuttsuren gurasa suke bayarwa, da daɗi amma ba yaji. In ɗan ajinmu mai sarin waya a Guangzhou zai taso, ka ba shi yajin ƙuli da daddawa, a ɗaure daddawar da kyau saboda masu duba kaya. Ka gaida Hajiya, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a, malamin nan zai karɓi babi na uku ƙarshen wata.

Naka har kullum,
abokinka na Xi'an