Kangon da aka ɗauko daga Ailan

Bronx, Niyok
Daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Saƙonka ya iso, na ji daɗin labarin damina, Allah ya sa a girbe lafiya. Mu ma nan lafiya lau, sai dai sanyi ya fara leƙowa, tun da la'asar ake neman rigar ɗumi.

Na so in kira ka a waya jiya, sai na ga maganar da ke bakina ba ta minti biyar ba ce. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro kamar yadda muke yi a da.

Ɗiyarka auta ce ta jawo abin. An ba su aikin gida a makaranta a kan yunwar da aka yi a ƙasar Ailan. Ashe tun 1996 jihar Niyok ta yi doka cewa a riƙa koya wa yara tarihin wannan yunwa. Malamarsu ta ce akwai wurin tunawa da ita a can ƙasan Manhattan, duk wanda ya samu hali ya je ya gani. Ta matsa mini lamba, ni kuma jiya Asabar ba ni da aiki, sai muka hau jirgin ƙasa mai lamba 2, muka sauka a Chambers, muka taka zuwa bakin kogin Hudson. Wurin yana ƙarshen titin Vesey, tafiyar 'yan mintoci daga inda tagwayen benayen nan suka rushe a 2001. An ma fara gininsa kafin harin, aka buɗe shi a Yulin 2002. Ba a biyan ko sisi.

Ni a raina gunki zan gani, irin na tagulla da Turawa ke kafawa a mararraba. Gani ya kori ji. Gona ce, malam. Gona guda aka ɗora a kan wani dandamali na dutse, ta karkata tana hawa sama har kusan tsawon bene mai hawa biyu, ga dogayen benayen banki na gilashi sun kewaye ta. Wanda ya tsara ta, Brian Tolle, ciyayi da furannin dajin Ailan ya sa aka shuka, aka jera duwatsu daga gundumomin ƙasar 32, kowane an sassaƙa masa sunan gundumarsa.

Ta ƙarƙashi ake shiga, ta wani lungu mai duhu-duhu. Jikin bangon layi-layi ne, dutse da gilashi, a kan gilashin an yi rubutu ana haska shi ta baya: wasiƙu, rahotannin jami'ai, ƙididdiga, har da labarin yunwar wasu ƙasashe na zamaninmu. Yarinyar tana karantawa tana kwafa a littafinta, ni kuma na yi gaba. Ina fitowa daga lungun sai na tsinci kaina a tsakiyar kango.

Kango na gaske, ba kwaikwayo ba. Gidan manomi ne na dutse daga yankin Attymass a gundumar Mayo, masu shi suka bayar, aka kwance shi dutse bayan dutse, aka haye teku da shi, aka sake ɗora shi a nan. Ɗakuna ƙanana, ba rufi, sai sararin sama. Ga murhu a jikin bango. Na tsuguna na sa hannu a bakin murhun, dutsen da sanyi, gansakuka ta bi tsagoginsa. Ka san me ya faɗo mini? Kufan da ke arewacin garinmu, inda muke zuwa ɗiban magarya muna yara, inda muka taɓa tarar da duwatsun murhu uku a jere, ba tukunya ba mai dafawa. Na daɗe a wurin ban iya tashi ba.

Bari in ba ka labarin yadda na fahimce shi, daga littafin yarinyar da abin da na karanta a bangon.

A wancan lokaci Ailan tana ƙarƙashin Birtaniya, daga Landan ake mulkinta. Ƙidayar 1841 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 8. Mafi yawan ƙasar noma tana hannun manyan masu filaye, da yawansu ma a Ingila suke zaune, sai dai a aika musu da kuɗin haya. Talaka yana noma hatsi ko ya yi kiwon alade don biyan haya, shi kuma da iyalinsa su rayu a kan dankalin Turawa, wannan dai da 'yan kasuwarmu ke kira Arish, wanda ake kawo mana daga Jos. Ka ga inda sunan ya samo asali. Kimanin mutum miliyan 3 ba su da wani abinci sai shi. Ƙaton lebura yakan ci wajen kilo 6 a yini, da ɗan madara in an samu. Kuma galibi iri ɗaya suke shukawa, don ya fi yabanya a ƙasa maras ƙarfi.

A 1845 wata cutar shuka ta shigo daga nahiyar Amurka. Ganye ya yi baƙi, a tona kunya a tarar da dankalin ya ruɓe yana wari. Ita ce dai cutar da manoman Bokkos da Mangu ke kuka da ita in damina ta yi ruwa da yawa. A 1846 ta share kusan amfanin gonar gaba ɗaya. Shekarar 1847 har yau Baƙar 47 suke ce mata. Zuwa 1852 an rasa rai wajen miliyan ɗaya, fiye da miliyan ɗaya kuma sun tsere daga ƙasar. Ƙidayar 1851 miliyan 6 da rabi ta samu. Yawancin waɗanda suka mutu ba yunwar ce kai tsaye ta kashe su ba, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ne da atini suka samu jiki ya riga ya raunana. A harshensu na gado suna kiranta An Gorta Mór, wato Babbar Yunwa.

To cutar shuka daga Allah ce, ba mai ja da wannan. Ta kuma shiga Beljiyam da Holan da wasu ƙasashen Turai, an sha wuya, amma ba inda aka yi irin wannan mutuwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da mutane suka yi da hannunsu. Ana cikin wannan hali jiragen ruwa na fita daga tashoshin Ailan da hatsi da shanu da man shanu zuwa Ingila, saboda an ce kada gwamnati ta sa hannu a harkar kasuwa. Gaskiya ne an shigo da masara daga Amurka, Firayim Minista Robert Peel ya sayo ta fam 100,000 tun da farko, kuma a bazarar 1847 gidajen rabon miya sun ciyar da mutum wajen miliyan 3 a kullum. Wannan ya nuna ana iyawa in an so. Amma bayan 'yan watanni aka rufe su, aka ce kowane yanki ya ɗauki nauyin matalautansa. Jami'in baitulmali da ke riƙe da aikin agajin, Charles Trevelyan, damuwarsa kada talaka ya saba da karɓar kyauta. Kafin nan ma sai da aka tara masu jin yunwa, fiye da 700,000, suna fasa dutse suna gina hanyoyi cikin sanyi a kan ladan da ba ya sayen abincin yini.

Yanzu ga dalilin da ya sa gonar da na taka take da girman da take da shi. Filin da aka shuka rubu'in eka ne, wato ɗan fiye da fuloti biyu irin namu na 50 da 100. A 1847 aka ƙara wani sashe a dokar agajin matalauta, ana kiransa da sunan ɗan majalisar da ya kawo shi, William Gregory: duk wanda ke riƙe da gonar da ta wuce rubu'in eka ba shi da haƙƙin agaji sai ya saki gonar. Ka auna wannan a kanka, kai da ka san abin da gona take ga manomi. Ka riƙe ta 'ya'yanka su mutu a gabanka, ka sake ta ka zama ba ka da inda za ka koma ko da ruwa ya gyaru baɗi. Gaba kura, baya sayaki. Masu filaye kuma abin nema ya samu, don harajin agaji na ƙananan gonaki a kansu yake, kowane talaka da ya tashi sauƙi ne gare su. In an fitar da mutum sai a yaye rufin gidan don kada ya dawo ya fake. Na zagaya filin nan a ƙafa, ban yi minti uku ba na dawo inda na fara.

Waɗanda suka samu kuɗin jirgi suka nufi Liverpool da Kanada da Amurka. Jiragen da suka kwaso su har laƙabi aka yi musu, jiragen makara, saboda yawan gawar da ake jefawa a teku. A wani tsibiri da ake killace baƙi kusa da Quebec, Grosse Île, an binne fiye da mutum 5,000 a 1847 kaɗai. Waɗanda suka iso Niyok kuwa tsugune ba ta ƙare ba. Suka cunkushe a unguwannin talakawa irin su Five Points, ana ƙyamarsu saboda talauci da kuma ɗarikarsu ta Katolika, maza na haƙa da dako, mata na aikatau. Zuwa 1850 kusan ɗaya cikin huɗu na mazauna birnin nan haifaffen Ailan ne. Daga ɗan abin da suke samu suke aika wa na gida, a biya haya ko a sayi tikitin ƙane. Da na zo nan a labarin sai na ga kaina a layin aika kuɗi ranar Juma'a, ni da 'yan Gana da 'yan Nijar da 'yan Senegal, kowa da takardarsa a hannu. Ba na haɗa halinmu da nasu, mu ba gawa muka tsallake muka fito ba, alhamdu lillahi. Amma zuciyar wanda ya bar gida yana waiwaye, na san ta.

Wani abu da ya sanyaya mini rai: cikin waɗanda suka aika taimako har da Sarkin Turkiyya na lokacin, Sultan Abdulmajid, da fam 1,000. Sai kuma ƙabilar Choctaw, cikin mutanen asali na Amurka, waɗanda shekara 16 kafin nan aka kore su daga ƙasarsu aka tasa ƙeyarsu zuwa yamma, da yawa suka mutu a hanya. Su ne suka yi karo-karo suka tara dala 170 a 1847 suka aika wa mutanen da ba su taɓa gani ba. Mutanen Ailan ba su manta ba, sun kafa musu abin tunawa a garin Midleton.

Muka bi 'yar siririyar hanya muka hau har ƙololuwa. Daga can ana hango kogin a shimfiɗe, da Gunkin 'Yanci da tsibirin Ellis, inda a da ake tantance baƙin da suka shigo Amurka, can nesa. Wata dattijuwa Baturiya tana durƙushe gefen hanya tana neman wani dutse cikin ciyawa, jikanta na riƙe da jakarta. Da ta same shi sai ta shafa rubutun da tafin hannu, ta ce da yaron daga nan kakar kakarsa ta fito. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗan zauna kawai, sannan ya kama ta ta miƙe.

A jirgi muna komowa yarinyar ta tambaye ni ko mu ma an taɓa yin yunwa a ƙasarmu. Na ce mata sosai. Na ba ta labarin Kakalaba ta 1914, yadda kakata ta ji daga bakin mahaifiyarta, ana tona gidan tururuwa don a kwashi hatsin da ta tara, ana cin tafasa da dusa, kuma Bature bai fasa karɓar haraji ba. Na ba ta na farin 1973 wanda ni da kai muka gani da idonmu, shanu kwance a bakin hanya, Buzaye sun gangaro daga arewa da 'ya'yansu suna tsayawa ƙofa-ƙofa, Inna tana raba tuwon dare biyu ta miƙa musu rabi. Sai ta ce, to ina namu wurin tunawar yake, mu je in mun zo hutu? Na rasa amsar da zan ba ta. Mu suna muke sa wa yunwa, sunan ya zauna a bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suna ta tafiya. Na lissafa waɗanda suka rage a garinmu da suka san 1973 da hankalin manya, ban cika yatsun hannu biyu ba.

Don haka ga roƙona, aminina. In ka je gida ƙarshen wata, ka zauna da Inna da Baffa bayan sallar isha'i, ka kunna rikoda a wayarka. Ka tambaye su sunayen shekarun yunwa da suka sani da waɗanda suka ji, me aka ci, nawa mudu ya kai, su wa suka tashi daga kufan nan na arewa kuma ina suka nufa. Kada ka katse su ko sun yi nisa da zance. Ka turo mini ta WhatsApp yadda yake, ni zan zauna in rubuta, yarinyar ta ce za ta taya ni. Na saka hoton murhun a cikin ambulan ɗin nan, ka nuna wa Inna, ina son jin abin da za ta ce.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara, da liman, da duk 'yan majalisarmu ta gindin dalbejiya. Kuɗin maganin Baffa za su shigo ranar Juma'a in sha Allahu.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka na Bronx