Marubutan waya: a gama rubutu kafin a fara saki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku in yi magana a kan littattafan da matasanmu, musamman mata, suke rubutawa a waya suna sakinsu a zaurukan WhatsApp da Facebook da manhajar labarai ta Wattpad. Duk sanda aka ɗauko zancensu sai a koma kan tsohon ƙorafi, wai soyayya ta yi yawa, ana ɓata tarbiyya. Wannan zargi shi aka yi wa littattafan da aka laƙaba wa sunan adabin kasuwar Kano tun shekarun 1990, har ta kai ga ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007. Ni a ganina ba jigo ne ciwon ba. Ciwon shi ne a rubuta shafi da daddare, a sake shi kafin asuba, ba tsari ba bita.

Ga yadda abin yake faruwa. Marubuciya ta sami farkon labari mai daɗi, sai ta saki shafukan kyauta don jan masu karatu. Suka ƙare, ta ce daga nan littafin kuɗi ne. Jama'a suka biya, wasu ta banki, wasu da katin waya, mutanen Nijar da sefa. Daga ranar ta zama mai bashi a wuya, kullum ana jiran sabon shafi, alhali ita kanta ba ta san inda labarin ya dosa ba. Sai masu sharhi su karɓe ragama. Suka ce kishiyar nan tana ba su haushi, sai a ƙara mata mugunta har ta daina kama da mutum. Suka ce sun fi son ƙanin miji, sai a nemo hatsarin mota a kawar da mijin. Shi ya sa za ka ga tsakiyar littafi ta cika da biki da girki da kwatancen kaya, ƙarshe kuma a dunƙule shekara goma a shafi biyu saboda mai rubutu ta gaji.

Maganin lissafi ne mai sauƙi. In ana son littafi mai kalmomi 60,000, kuma kowace fitowa kalmomi 1,500 ce, fitowa 40 ke nan. Kafin a rubuta layin farko a ɗauki takarda a jera lamba 1 zuwa 40, a gaban kowace a rubuta jimla ɗaya tak: me ya canza a wannan fitowar? In amsar ita ce "sun je biki" ko "sun yi hira", ba abin da ya canza, a soke ta. Amma in amsar "a wurin biki ta gane muryar wanda yake kiran mijinta da daddare" ce, to wannan ta tsaya. Wanda ya kasa cika layi na 38 da 39 da 40 bai shirya farawa ba, domin ƙarshen labari ne yake nuna abin da ya kamata a dasa tun farko. Abin da ya fi shi ne a gama littafin duka kafin a saki ko da shafi ɗaya. In haƙuri ya gaza, a tabbata akwai fitowa 15 a ajiye, gyararru, ta yadda rashin lafiya ko jarrabawa ko ɗauke wuta ba za su tilasta rubutun gaggawa ba.

Sai kuma kundin taurari. Littafin makaranta mai falle 40 ya isa. Kowane mutum a labarin a ba shi shafi: cikakken sunansa, sunan da uwarsa take kiransa, wanda matarsa take kiransa, shekarunsa a farkon labari, garinsu, sana'arsa, da dangantakarsa da sauran. Ƙarshen littafin kuma a ware shi don jadawalin lokaci. A nan ne akasarin sababbin marubuta suke faɗuwa, kuma mai karatu Bahaushe ba ya yafe irin wannan kuskure domin ya san rayuwar. Matar da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, sai fa in tana da ciki. Ba za a ɗaura mata aure bayan sadakar arba'in ba. Wadda aka saka tana da idda. Tsakanin ƙaramar Salla da babba wata biyu ne da 'yan kwanaki, don haka cikin da aka gano a azumi ba zai zama jariri a hannu ranar layya ba, sai in an nuna tun farko ya tsufa. Karatun likita a jami'o'in Najeriya shekara shida ne, ga shekarar koyon aiki a asibiti, ga ta bautar ƙasa, ƙwarewa kuma wasu shekarun ne daban. Saurayi ɗan shekara 24 da aka ce shi ne babban likitan zuciya, mai asibitin kansa a Abuja, dariya kawai yake ba wanda ya sani. Haka lauya: shekara biyar a jami'a, sannan makarantar horar da lauyoyi. In labari zai shiga kotu ko ɗakin haihuwa ko rabon gado, a nemi alƙali ko ungozoma ko malami a yi masa tambaya biyar takamaimai. Minti ashirin na hira yana tsare shafi talatin daga shirme.

Batun ƙa'idar rubutu kuwa, na san wasu za su ce ai ana ganewa. Ana ganewa, amma da wahala, kuma mai karatu da yake tsayawa yana warware jimla ya fita daga labarin. Haruffa masu lanƙwasa ba ado ba ne, su ne suke raba ƙafa da kafa, ɗaki da daki, ɓari da bari. Gboard, allon rubutun waya na Google, yana da Hausa: a shiga saitin allon rubutu, a zaɓi harsuna, a ƙara ta, za a sami ɓ da ɗ da ƙ. Mu a Najeriya mun saba rubuta 'ya'ya, a Nijar kuma ƴaƴa. Kowanne aka ɗauka a tsaya a kansa har ƙarshen littafi. Rabon kalmomi ma bai kai wuyar da ake zato ba. Wakilin suna ba ya manne wa aikatau: ya ce, ta zo, za su tafi, ya gan shi. "Ne" da "ce" su ma zaman kansu suke yi. Gajeriyar mallaka ce ake haɗewa, gidansa, motarta, doguwar kuma a raba, gidan nasa. "Ta fi kyau" daban, "tafi gida" daban. "A kan tebur" wuri ne, "akan yi haka" al'ada ce. Su "xan" da "wlh" da "ngd" a bar su a saƙon ƙawaye.

Wata dabara mai rage wahala, amma mai tarko a ciki: manhajojin rubutu na Google Docs da WPS duk suna da wurin nemo kalma a sauya ta. A nemo "yace" a mayar da ita "ya ce" gaba ɗaya, ba matsala. Amma kada a yi wa "tace" haka, domin akwai tace ruwa da tace gari, kuma "yayi" na iya zama abin da ake yayi. Waɗannan sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Zance kuma kowane mai magana a ba shi sabon layi, a sa maganarsa tsakanin alamun zance. Yanzu littattafai da yawa ana karanta su da murya a YouTube, kuma duk wanda ya saurara ya ji inda mai karatu yake tuntuɓe: wurin da maganar uwa da ta 'ya suka cakuɗe a sakin layi guda ba aya ba waƙafi. Gwajin da ya fi kowanne shi ne marubuci ya karanta shafinsa da ƙarfi, bayan ya ajiye shi kwana uku. Inda numfashi ya ƙare kafin jimla ta ƙare, a sa aya. Inda kunne ya ce ba haka 'yar Kano take yi wa surukarta magana ba, a gyara. Turancin da ake cusawa a bakin kowa, har kaka a ƙauye, shi ma kunne ne yake kama shi.

Kada a yi rubutu kai tsaye a cikin WhatsApp. Waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, aikin wata shida ya tafi. A rubuta a manhajar da take ajiya a intanet, kuma duk fitowa biyar a tura wa kai kwafi ta imel. Wannan imel ɗin mai kwanan wata yana da amfani na biyu ranar da wani ya cire sunan marubuci ya sa nasa, abin da ya zama ruwan dare. Doka ta ba mai rubutu haƙƙin aikinsa tun daga lokacin da ya rubuta shi, ba sai ya yi rajista ba, sai dai hujja a hannu ita take raba gardama.

Akwai abin da duk waɗannan ba za su maye gurbinsa ba, wato karatu. Da yawa daga sababbin marubuta ba sa karanta kowa sai junansu, shi ya sa kuskure ɗaya yake yawo daga littafi zuwa littafi, har sunayen taurari da irin motocinsu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai sakin labari kullum ya nemi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya, ya lura da yadda aku yake riƙe ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita. Aikin marubucin waya ke nan daidai: ya sa a dawo gobe ba tare da ya yi wa mai karatu wayo ba. Ya nemi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, ya ga yadda aka ɗauko rayuwar mutum tun daga ƙuruciya, aka haye hamada da shi, a ɗan siririn littafi. Karatun marubuci sau biyu ne: na farko don daɗi, na biyu da biro a hannu, yana ƙirga layi nawa aka yi kafin matsala ta kunno kai, yana duba inda aka tsallake shekaru da jimla guda.

Wanda bai taɓa kammala gajeren labari ba, ban ga dalilin da zai fara da littafi mai kashi uku ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, tana neman labari mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500. Ko ba za a shiga gasar ba, wannan awo makaranta ce. A rubuta labari biyar a cikinsa, kowanne da farko da tsakiya da ƙarshe, za a koyi yanke abin da ba a buƙata, wanda shi ne rabin sana'ar.

Roƙona gare ku, ya Edita, ku ware rabin shafi duk mako. Ku karɓi shafi ɗaya daga sabon marubuci da yardarsa, ku buga shi yadda ya aiko a hagu, gyararren a dama, da gajeren bayanin dalilin kowane gyara a ƙasa. Malaman Hausa a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, da tsofaffin marubuta na ƙungiyar marubuta ta Najeriya, wato ANA, ba za a rasa masu karɓar aikin bi da bi ba. Sai dai ku fara tabbatar da cewa na'urarku tana fitar da ƙ da ɗ da ɓ a shafin, a takarda da intanet duka.

Wassalam.

Naku,
Mai bibiyar adabin Hausa,
Zariya.