A yi mana bayanin gigin tsufa da Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina rubuto muku ne daga Makka, unguwar Shara Mansur, inda mutum zai wuni yana jin Hausa kamar yana Fagge. Roƙona shi ne ku ware lokaci a shirinku na lafiya na rediyo ku tattauna gigin tsufa, wanda likitoci ke kira cutar mantuwa, kuma ku riƙa maimaita shi.

Mahaifiyata ce dalili. Hajiya ta zo ƙasar nan tana amarya, ta ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan suka tsallako Bahar Maliya. Ta fi shekara 40 tana sayar da abinci da Larabci, ba a taɓa cutar ta a lissafin riyal ba. Shekara huɗu da suka wuce ta fara zuba gishiri sau biyu a miya, muka ce tsufa ne. Sai ta fara sallamewa a raka'a ta uku, ta juyo ta tambaye ni ko an yi la'asar. Daga nan Larabcin ya soma zubewa. Yau Hausa kaɗai ke bakinta, irin ta ƙauyensu, tana kirana da sunan yayarta da ta rasu tun ba a haife ni ba. Jikokinta haihuwar nan ne, Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, sai su zauna gabanta, tana magana suna kallon bakinta. Da magariba takan ƙulle zannuwanta ta tsaya bakin ƙofa, wai za ta gida kafin Inna ta yi faɗa. Ran nan ta samu ƙofa a buɗe. Sai bayan isha wani mai shago ya riƙo hannunta ya kawo mana ita, ƙafa ba takalmi.

Shekara biyu muka yi ba mu je asibiti ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Ban raina addu'a ba, ita ce ke riƙe da ni har gobe. Amma Allah da kansa ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli, aya ta 70, cewa akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, Annabi (SAW) kuma ya nemi tsari daga gare shi. To me ya sa muke kulle tsofaffinmu a ɗaki don kada maƙwabta su ce hauka ya shigo gida?

Da muka kai ta, likita ya ce cutar Alzaima ce, wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya fara bayaninta a 1906. Wasu sinadarai ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa suna kashe ƙwayoyinta a hankali, kuma ɓangaren da ke ajiye sabon abu ne ke fara lalacewa. A nan na gane abin da ya sa Hajiya take tuna waƙar daka ta ƙuruciyarta amma ba ta tuna ta ci tuwo ɗazu. Ya ce babu maganin da ke warkar da ita, sai wanda ke ɗan sassauta alamu na wani lokaci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce ba kowace mantuwa ce wannan ciwon ba. Ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, ko cutar mafitsara ga tsoho, duk suna kawo ruɗewa, kuma ana maganinsu. Wanda ya zauna gida yana hayaƙi ba zai san wanne ne ya kama nasa ba. Na san akwai 'yan'uwanmu da matsalar iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar nan, ke sa su gudun asibiti, su ma a tuna da su a shirin.

Gwajin da aka yi mata da Larabci aka yi, ni ce tafinta, kuma ita ba ta yi boko ba, wasu tambayoyin ko da lafiyarta ba za ta amsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan lalura sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Tun 1992 aka fara binciken da ya kwatanta tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanafolis a Amurka. Ina kira ga jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato su dage a samu gwaji da Hausa, wanda ya san rayuwar tsohuwar da ba ta riƙe biro ba, ya iso har hannun likitocin da ke duba mutanenmu a nan da Sudan.

Ku kuma faɗa wa masu ƙarfi a jika cewa akwai rigakafi gwargwado. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa za a iya hanawa ko jinkirtawa idan aka kula da abubuwa 14, ciki har da hawan jini, ciwon suga, taba, ƙiba, raunin ji da na gani, da zaman kaɗaici. Hajiya ta daɗe da hawan jini, sai kai ya sara take shan ƙwaya. Da na san alaƙarsa da ƙwaƙwalwa, da ban bar ta ta tsallake ko kwana ɗaya ba.

Ranar 21 ga Satumba ce ranar Alzaima ta duniya, kuma a nan akwai ƙungiyar Alzaima ta Saudiyya da ke wayar da kai, sai dai da Larabci take yi. Ku gayyato likita da malami su zauna tare, ku kuma ba masu jinya dama su yi magana, don yawancinmu mata ne da ba ma samun barcin kirki. Mu mun ɗinka wa Hajiya lambar waya a gefen mayafi, mun daina yi mata gardama idan ta ce za ta gida, sai in ce to bari mu sha shayi tukuna. In da hali ku sa shirin wajen magariba. Lokacin ne nake kunna mata ku, idan ta ji Hausa a rediyo takan ajiye ƙullin kayanta ta zauna.

Wassalam.

Mai sauraronku a kullum,
daga Shara Mansur, Makka