Littafin ya yi daɗi, amma Hajiya ta tsaya a kan ciyaman ta bar mai gayya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya haƙuri da mu. Ni albasa nake saidawa a kasuwar Mile 12 nan Legas, gida kuma Agege, shekarata sha tara kenan a Ikko. Ban saba rubuto wa jarida ba, toh amma littafin nan na siyasar ƙaramar hukuma da ake ta yayi, wanda Hajiya marubuciyar nan ta fitar, ya hana ni sakat, dole sai na faɗi abin da ke raina.

Uwargida ce ta fara samo shi, ni kuwa da na gani nace kai wannan ai irin naku ne na mata, soyayya da kishi. Sai wani dare muna jiran tirela daga Aliero ta ƙi isowa, sauro na ta cizo, na ciro shi daga leda ina haskawa da fitilar waya, wallahi kafin asuba na ci rabi. Dare uku na gama.

Gaskiya Hajiya ta san gari. Wajen da aka kwashe deliget aka kulle su a otal daren firamare, aka ƙwace wayoyinsu aka zuba a bokiti, kowa aka ba shi ambulan aka ce ya dafa Alƙur'ani, na yi dariya har yaran da ke sauke kaya suka juyo suna kallona. Sannan mai shayin nan da ya ƙara benci na biyu saboda majalisa ta rabe gida biyu kuma ba ya son rasa kastoma ko ɗaya, wannan kam kamar a garinmu ta zauna ta rubuta, don mu har ɗaurin aure an taɓa fasawa saboda uban ango ya liƙa fastar da ba ta yi wa uban amarya daɗi ba. Nan ba ni da ta cewa, Allah ya ƙara basira.

Inda muka rabu da ita shi ne kan ciyaman. Ta mai da shi Fir'auna, shi ya cinye kuɗin rijiyar burtsatse, shi ya hana malaman firamare albashi, shi ya bar asibiti ba ko panadol, ya ƙara ta huɗu ya tafi Umara. Toh gwamna fa? Daga farkon littafin har ƙarshe gwamna hoto ne kawai a bangon ofis, ko tari bai yi ba. Haba Hajiya! Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar sakatariya ya san ciyaman yaron wani ne. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, kuma tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa, kason wata ya taso daga Abuja ya faɗa hannun jiha tukunna, abin da aka ga dama shi ake sako wa ƙasa. Ai saboda wannan ne gwamnatin tarayya ta maka gwamnoni a Kotun Ƙoli, ranar 11 ga Yuli 2024 kotu ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Da ciyaman ne mai wuƙa da nama me zai kai mutane kotu?

Bari in ba ka wanda na gani da idona. Akwai wani abokin wasana da ya taɓa yin kansila a mazaɓarmu, na je gida sallah sai yace in raka shi birni shi da ciyaman ɗinsu. Mutumin da in ya shigo gari da jiniya har dagaci ke miƙewa, na gan shi a ƙofar gidan wani babba a jiha ya cire takalmi ya tsuguna a kan tayil, tun bayan la'asar har aka kira isha'i, maigadi ma bai ce masa ga kujera ba. A mota muna dawowa babu mai magana, can sai abokin nawa ya raɗa min cewa takarda suka zo sa wa hannu, sun karɓi kuɗin da ba su gani ba. Ban ce ciyaman waliyyi ba ne fa, yana ci, in ya samu gara ba ya ɗaga kai, amma a ce shi kaɗai ne ɓarawon gari, an daki jaki an bar taiki kenan.

Sai kuma ƙarshen littafin, inda matashin malamin makarantan nan ya tsaya a jam'iyyar adawa, jama'a suka kasa suka tsare suka raka, aka ƙirga ya kada ciyaman, gari ya ɗau guɗa. Uwargida har da hawaye. Ni kuwa nace a wace jiha? Zaɓen ƙananan hukumomi hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, gwamna ke naɗa mutanenta. A Kano a watan Oktoban 2024 NNPP ta lashe duk 44. Nan Legas a watan Yulin 2025 APC ta kwashe duk kujerun ciyaman 57, wato 20 da tsarin mulki ya sani da ƙarin 37 ɗin nan da aka ƙirƙiro a 2003 zamanin Tinubu na gwamna, waɗanda Obasanjo ya riƙe wa Legas kuɗi a kansu. Kaga ba maganar jam'iyya nake ba, ko wacce ke kan mulki haka take yi. Na san littafi ne, dole a faranta wa mai karatu, amma wanda ya iya zana mai shayi da bencinsa biyu bai kamata ya rufe mu da tatsuniya ba.

Abu ɗaya kuma da ya sosa min rai, yadda ta riƙa yi wa matan ƙauye shaguɓe wai sun saida 'yancinsu kan taliya da sabulu da turmin atamfa. Mahaifiyata ta karɓi taliyar nan, ba na ɓoyewa. Da na yi mata ƙorafi a waya cewa ta yi, ɗan nan in na ƙi karɓa ma shi za su ce ya ci, gara in dafa wa jikokina. Matar da ubanta ya sha ɗauri a zamanin NEPU saboda Malam Aminu Kano ba za a koya mata darajar ƙuri'a ba, lissafinta ta yi kawai.

Mu 'yan Legas ma ba ta ƙyale mu ba, wai mun zo da ƙaton agogo da baƙin gilashi an loda mu a bas kyauta mu dangwala mu koma. Akwai masu yi, ban musa ba. Amma ta zo Agege ko Idi-Araba ko Obalende ta gani, akwai Hausawan da kakanninsu ma nan aka haife su, katinsu na nan, nan suke layi, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa, kuma ranar da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022 sun ga iyakar ƙarfin ciyaman, don umarni daga Alausa, wato ofishin gwamna, ya fito ba wanda ya tambayi kansila.

Na ji ana cewa akwai kashi na biyu. Malam Edita in kana da hanyar isar mata da saƙo, dan Allah kace wani mai karatu a Legas yace a wannan karon ta sauko da hoton nan daga bango ta sa shi ya yi magana. Sannan a taimaka a riƙa turo littattafan nan Agege, kwafi ɗaya ne muke ta zagayawa da shi mu kusan goma, bangon ya cire kuma duk warin albasa yake.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai albasa, Mile 12, Legas