Zuwa ga Malamin da ya kira iyaye mata ragwaye

Malam, barka da war haka.

Na ga tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a: wai ina hujjar cewa cibiyoyin kula da yara bayan an tashi makaranta, waɗanda gwamnati ke tallafa wa, suna amfanar yaro, ko kuwa ragwayen mata nake nema wa wurin jibge 'ya'ya. Kalmar "ragwaye" ce ta tsaya mini a rai.

Matar da ke tashi aiki ƙarfe shida, ɗanta kuma an sallame shi tun biyu, ba raguwa ba ce. Kafin ta dawo, ko dai yaron ya buɗe gida da makullin da aka rataya masa a wuya ya wuni kan waya, ko ya bi manyan yara titi. A Amurka, alƙaluman hukuma sun nuna cewa a ranakun makaranta ta'asar yara ta fi ƙamari wajen ƙarfe uku na yamma. Da wannan ake auna cibiya, ranka ya daɗe, ba da gidanka mai direba da malamin lesin ba.

Binciken da kake ta kaɗa mana na riga ka karanta shi. Gaskiya ne, tsakanin 2003 da 2005 kamfanin bincike na Mathematica ya fitar da rahotannin tantance babban shirin gwamnatin Amurka na irin waɗannan cibiyoyi, ya ga makin yara bai ƙaru ba, wasu ma sun ƙara rashin ji. Amma inda 'yan firamare suka ce sun fi jin suna cikin aminci, nan idonka ya tsallake. Haka ka yi gum kan nazarin masana Durlak da Weissberg na 2010, wanda ya tattara gomman shirye-shirye: masu tsari da manufa sun gyara ɗabi'a da karatu, na kara-zube ba su tsinana komai ba.

Batun kuɗi kuwa, Norway ta ba 'yan aji ɗaya awa 12 kyauta a irin waɗannan cibiyoyi kowane mako tun 2022, ba ta tsiyace ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, irinku ne ke zaftare kasafin, a bar ma'aikaciya ɗaya da yara cike da ɗaki kan albashin da ba ya kai ta ƙarshen wata. In ta ajiye aikin, ku ne kuma na farkon fitowa da rahoto a hannu kuna tambayar ina amfanin. Shekarun da na yi a aji sanannu ne. Kai a wace cibiya ka taɓa yin wuni guda?

Ka huta lafiya.